Kada Mu Bar Gara Ta Cinye Wasiƙun Soja

Jama'a mazauna Kurmi, in Allah Ya kai ku gida ganin dangi, ku roƙi tsofaffi su buɗe muku adaka. Ba mamaki ku tarar da wasiƙun da sojojinmu suka aiko lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, wasu da boko, wasu da ajami.

Ba labarin bindiga ya cika su ba. Bayan gaisuwa, sai soja ya roƙi a aiko masa da goro da yaji da laya, ya tambaya ko kuɗin da ya aiko sun isa hannun tsohuwa. Daga gida kuma a ba shi labarin tsadar gero, da rumbun da ya yi ƙasa, da wanda ya rasu.

Littattafai sun adana sunayen manyan hafsoshi, amma wahalar kurtu da iyalinsa tana cikin waɗannan takardu. Mu da ke Agege da Sabon Ibadan mun san zafin jiran saƙon gida. Waɗanda suka san masu wasiƙun kuwa suna ƙarewa. Ku sa dattijo ya karanta muku, ku kwafe, tun gara ba ta riga mu ba.

Allah Ya jiƙan mazan jiya, amin.