A karɓe biro daga hannun monita

1/ Jama'a, yau zan taɓo abin da zai ɓata wa wasu malamai rai. Takardar "masu surutu" da monita ke rubutawa a firamarenmu, daga Dambatta zuwa Makoɗa, Kunchi da Bichi, darasin koyon tsegumi ce kawai. Ku biyo ni.

2/ Kowa ya san tsarin. Malam zai fita, sai ya ce da yaro ɗan shekara 9 ya rubuta duk wanda ya yi magana. Malam ya dawo, babu tambaya, babu shaida, sai bulala ko kamun kunne. An mai da ƙaramin yaro ɗan sanda da mai shaida lokaci guda.

3/ Me yaron zai koya? Abokinsa ba ya shiga takarda. Wanda ya sam masa gyaɗa ko kuɗin tara, an goge sunansa. Wanda suka yi faɗa jiya, an rubuta shi sau biyu. Gobe kuma mu zo nan muna zagin masu cin hanci, alhali tun aji uku muka fara horar da su.

4/ A ƙauye abin ya fi ciwo. Gida na jikin gida, gona na jikin gona, rabin ajin 'yan uwa ne. Sunan da aka rubuta da safe, da yamma ya zama faɗa a bakin rijiya, da daddare iyaye mata sun daina gaisawa.

5/ Akwai kuma malamin da ya gaji da "Malam, wane ya ɗau fensirina", sai ya kafa doka: duk wanda ya ƙara kawo ƙara shi zai sha duka. Wannan ya fi haɗari wallahi. Yarinyar da wani babba ke tarewa a hanyar makaranta ta ji dokar, ta yi shiru.

6/ Addininmu ya raba abubuwan nan tuntuni. Annamimanci babban zunubi ne, hadisan Bukhari da Muslim sun tsawatar a kai. Amma Imam Nawawi, a Riyadus Salihin, ya kawo wurare 6 da ya halatta a faɗi aibin mutum, ciki har da kai ƙarar zalunci da neman taimako don a hana ɓarna.

7/ To a koya wa yara tambaya ɗaya kafin su ɗaga hannu: so kake a ceci wani, ko so kake a daki wani? Jini, duka, tsoratarwa, ƙwace, taɓa jiki: a sanar nan take. Wane yana tauna rake, wance ta harare ni: ku sasanta da kanku, ko ku jira lokacin tara.

8/ Malam kuma ya saurara a gefe, ban da gaban aji. Ya ji ɓangare biyu. Kada ya ce "wance ce ta faɗa min", don ita za a tare bayan an tashi. Monita ya share allo, ya raba littafi, ya kira malam idan faɗa ya kaure. Shi ke nan aikinsa.

9/ Na san abin da za a ce: "Kai ɗan jami'a, ka taɓa riƙe aji cike maƙil?" Gaskiya ne akwai cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami 1 ga ɗalibai 35 a firamare, kuma kowa ya san inda muke. Shi ya sa gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024.

10/ Amma ƙarancin malamai laifin manya ne. Don me za a ɗora wa ɗan shekara 9 nauyinsa? Gina aji na buƙatar kasafin kuɗi, yaga takardar monita kuwa ko sisi ba ya ci.

11/ 'Yan FCE Bichi masu fita koyarwar gwaji, ku fara daga ajin da aka ba ku. SUBEB da hedimastoci, ku sa wannan a horon malamai. Kai kuma da ke da ƙani ko ƙanwa a firamare, tambaye su yau: in wani ya cuce ka a makaranta, wa za ka gaya wa? In yaron ya ce babu, gobe da safe ka raka shi ka ga hedimasta.