Gidan 'Yantattun Bayi Na Maifoni: Wa Zai Riƙe Labarinsa?

A wannan mako za mu taɓo wata magana wadda manya ba su cika son a ɗaga ba, watau maganar bauta. Tsayar da samari goma a Kasuwar Litinin ta Maiduguri ka tambaye su labarin gidan 'yantattun bayi na Maifoni, da wuya ka sami ɗaya da ya taɓa ji. Alhali kuwa gidan ya girmi Yerwa kanta, wadda Shehu Garbai ya taso daga Kukawa ya zauna cikinta a 1907.

Ga yadda abin ya faru. A 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar hana kamu da cinikin bayi, ya ce kuma duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma fatake ba su daina ba, sai suka koma satar hanya da yara daga wajen Mandara da ƙasashen da ke hannun Jamus. In an tare ayari aka ƙwace yaran, sai a rasa inda za a kai su, domin da yawansu ba su san sunan garinsu ba, balle hanyarsa. Saboda irinsu ne aka buɗe gida a Zungeru, aka buɗe wani a Maifoni, inda barikin Turawa yake.

Kada dai a ɗauka yabon Turawa muke yi. Su ne suka bar bayin da ke cikin gidaje a hannun iyayen gijinsu har 1936, kuma daga cikin yaran nan akwai waɗanda aka raba wa mutane suka zama barori. Wannan ma yana cikin labarin, tilas a faɗe shi.

To, wa zai riƙe labarin? Mun saba da cewa gwamnati. Amma bari mu leƙa Amurka. Frederick Douglass bawa ne da ya gudu a 1838, ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da bauta da baki da alƙalami. Da ya rasu a 1895, matarsa ce ta tsaya aka kafa ƙungiya a 1900 don kada gidansa na birnin Washinton ya salwanta. Ta rasu ana bin gidan bashi. A 1916 ƙungiyar mata baƙar fata ta ƙasar ta ɗauki nauyin, aka yi ta karo-karo har aka biya. Gwamnati ba ta karɓi gidan ba sai a 1962. Da an zauna jiranta, da tuni gara ta gama aikinta.

Barno kuwa ba ta rasa nata gwarzon ba. Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, haifaffen Kukawa, ɗan Barka Gana jarumin Shehu Laminu, an kama shi yana yaro aka ƙetare Sahara da shi. Shi ne a 1863 ya shiga rundunar da ta yaƙi masu riƙon bayi a Amurka, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a 1873. Can ana karanta shi, nan kuwa shiru.

Shawararmu ita ce dattawan unguwanni da malaman tarihi na Jami'ar Maiduguri da 'yan kasuwa su kafa ƙungiya mai rajista, wadda ba ta neman riba, ba ta kuma bin wata jam'iyya. Aikinta na fari shi ne ta bi tsofaffi ta tabbatar da filin da gidan ya zauna, ta aika Gidan Adana Takardu na Kaduna a kwafo rajistar 'yantattun bayi. Ɗaki guda da allo ya isa a fara. Sai dai a yi hattara: kada a kira sunan zuriyar kowa sai da yardarsu, don har yau kalmar bawa tana ɓata aure a ƙasar nan.

Abin kuma na gaggawa ne. Ambaliyar Alau ta Satumba 2024 ta nuna mana yadda takardun gida ke narkewa cikin dare ɗaya. Garin da ya cika da marayu tun daga 2009, cikinsu har da waɗanda aka ƙwato daga daji ba su san garinsu ba, ya kamata ya san yadda aka yi da na farko, inda aka kyauta da inda aka kuskure.