Wa Zai Tsare Basirar Maƙeranmu?

A yankin noman rani na Bakolori, daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, maƙeri kan kwana yana dabarar injin casar shinkafa, gobe wani ya kwaikwaya ya ci riba. Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 kuwa wanda ya riga shigar da takarda take bai wa haƙƙi, har shekara 20. Tsara wannan takarda aikin lauya ne wanda ya san doka, ya kuma san inji. Abin takaici, ɗalibanmu na shari'a hankalinsu na kan ƙarar zaɓe da rigimar fili. Muna roƙon Gwamnatin Zamfara ta ɗauki nauyin ko da mutum biyu cikin injiniyoyin Kwalejin Abdu Gusau su karanta aikin lauya.