Ra'ayinmu: Goggon Biri da Macijin Kusugu

A hutun da ya wuce mun tarar da ƙannenmu a Sandamu sun yi cincirindo a kan wata waya, suna buga Donkey Kong, wasan da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1981. Muka karɓa muka gwada. Goggon biri ne ya sace budurwa, ya haye saman gini yana mirgino ganguna. Kai kuwa ɗan guntun kafinta, ba ka da aiki sai tsalle da hawan tsani. Shirme ne, amma mai daɗi, don sai da aka kira magariba muka ajiye.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne dabarar mai wasan, Shigeru Miyamoto. Na'urar zamanin ba ta iya fitar da gashin kai ko leɓe sosai, sai ya ɗora wa kafintan hula da gashin baki. Kafintan nan ne ya zama Mario.

To, mu fa? Daga Sandamu zuwa rijiyar Kusugu ba nisa. Bayajida ya baro Borno, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya sare macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Ga matakan wasa nan a jere, amma hankalin yaranmu yana wajen birin Japan.

'Yan'uwa masu karatun kwamfuta, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, kada ku fake da rashin kayan aiki. Wanda duk ya fara zana macijin nan, ya aiko mana mu buga a fitowa ta gaba.