DAGA CIKIN AJI: Malamin Da Ya Yi Yawon Tallar Lissafi

A wannan karo tafiya ce mai nisa za mu yi, domin za mu haye teku zuwa ƙasar Birazil, wadda yawancinmu ba mu san ta da komai ba sai ƙwallon ƙafa. To amma abin da ya kai mu shi ne labarin wani malamin makaranta, wanda ya ɗauki lissafi ya yi ta yawo da shi gari-gari kamar yadda ɗan koli ke yawo da hajarsa, har ajali ya same shi a kan wannan hanya.

Sunansa na yanka Júlio César de Mello e Souza. An haife shi a birnin Rio de Janeiro ranar 6 ga watan Mayu, 1895, ya kuma tashi a wani ƙaramin gari mai suna Queluz inda mahaifiyarsa ke koyarwa. Ya yi makarantar horon malamai, daga baya ya ƙara da karatun injiniya, amma aikin alli da allo ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Abin mamaki, lokacin da yake ɗalibi bai yi wani fice a lissafi ba, kuma shi kansa ya ɗora laifin a kan irin koyarwar da aka yi masa. In ka je Birazil ka ambaci wancan dogon suna, ba kowa zai gane wanda kake nufi ba. Amma ka ce Malba Tahan, sai ka ga har tsofaffi sun yi murmushi.

Ga yadda aka yi ya samu wannan suna. Wajen 1918, yana saurayi, ya rubuta gajerun labarai guda biyar ya kai wa editan wata jarida mai suna O Imparcial. Edita ya ajiye su a kan tebur, kwanaki suka yi ta wucewa bai ko duba ba. Sai saurayin nan ya ɗauke takardunsa, ya goge sunansa, ya sa sunan wani Ba'amurke da ya ƙaga, ya mayar ya ce fassara ce ya yi daga wani marubucin Amurka. Nan da nan aka buga ɗaya daga cikinsu. To daga ranar ya gane cewa mutanensa sun fi daraja na nesa a kan na gida. Wannan ciwo kuwa, jama'a, ba sai na gaya muku a ina kuma ake fama da shi ba.

Sai ya ɗauki shekaru yana nazarin Larabci da tarihin Musulunci da al'adun Larabawa, sa'an nan a 1925 ya fito da labarai a jaridar A Noite da sunan wani Balarabe wai shi Malba Tahan. Har tarihi ya ƙaga masa, wai an haife shi kusa da Makka a 1885, ya rasu wurin yaƙi a 1921, ya kuma ƙaga wani mai fassara wanda wai shi ya juya labaran zuwa harshen Fotugal. Masu Larabci a cikinmu sun san "ɗahhan" mai niƙa ne. Mutane suka daɗe suna zaton da gaske akwai wannan Balarabe. Ko da asiri ya tonu, sunan ya riga ya bi shi, har a farkon shekarun 1950 shugaban ƙasar, Getúlio Vargas, ya ba da izini a rubuta masa shi a katin shaidarsa.

Ni dai ban ga abin yabo a cikin wannan ɓad-da-kama ba, ko da yake rabin laifin na editan ne. Kuma mutumin bai taɓa taka ƙasar Larabawa ba. Bagadazar da ke cikin littattafansa ta fi kama da ta Dare Dubu Da Ɗaya. Abin da ya sa na kawo shi filin nan shi ne abin da ya yi da sunan bayan ya same shi.

A 1938 ya fitar da littafin da ya fi shahara da shi, O Homem que Calculava, wato mutumin da ke lissafi. An fassara shi zuwa Turanci a 1993 da sunan The Man Who Counted. Labari ne na wani Bafarishe mai suna Beremiz Samir, wanda ke warware rigingimun mutane da lissafi a kan hanyar Bagadaza da cikinta. Bari in kawo muku guda, domin a nan ne za ku ga gwanintar malamin.

'Yan'uwa uku ne uba ya bar wa raƙuma 35, da wasiyyar cewa babba ya ɗauki rabi, mai bi masa sulusi, auta kuma tusu'i, wato kashi ɗaya bisa tara. Rabin 35 shi ne 17 da rabi, sulusi 11 da biyu bisa uku, tusu'i kuwa 3 da takwas bisa tara. Wa zai yarda a tsaga raƙumi? Sai Beremiz ya ari raƙumin abokin tafiyarsa ya haɗa, suka zama 36. Babba ya samu 18, na biyu 12, auta 4. Kowa ya samu fiye da abin da yake tsammani, kowa ya yi murna. Amma 18 da 12 da 4 sun tashi 34 ne kawai. Saura biyu. Aka mayar wa aboki nasa, Beremiz ya hau ɗaya ya yi gaba. Da yawa daga cikinmu sun taɓa jin irin wannan a bakin malamai da raƙuma 17, ana danganta hukuncin ga Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda.

To daga ina raƙumin Beremiz ya fito? Yaron da ya yi wannan tambaya ya riga ya shiga darasi ba tare da an ɗaga masa bulala ba. Amsar ita ce, rabi da sulusi da tusu'i ba su cika ɗaya ba. In ka mayar da su bisa 18, rabi 9 ne, sulusi 6, tusu'i 2, jimla 17 bisa 18. Ashe tun farko wasiyyar ta bar kashi ɗaya bisa 18 na garken babu mai shi, wanda a raƙuma 35 ya kama raƙumi guda da 17 bisa 18. Cikon da aka yi wa 'yan'uwan, wato rabi ga babba, sulusi ga na biyu, tusu'i ga auta, shi ya cinye 17 bisa 18 ɗin nan daidai, ya bar raƙumi guda cur. Duk malamin da ya taɓa shan wahalar koya wa 'yan aji biyar yadda ake haɗa ɓangarori masu ƙasa daban-daban ya san darajar wannan labari. Yadda shari'a ke yi da ragowar gado kuwa, wannan fagen malaman fara'ili ne, ba na filinmu ba.

Akwai kuma na gurasa takwas. Ɗaya yana da biyar, ɗaya uku, suka ci tare da wani attajiri da 'yan fashi suka tsiyata, daga baya ya ba su zinariya takwas. Kowa zai ce biyar da uku ne rabon. Amma in aka gutsura kowace gurasa gida uku an samu 24, kowa ya ci 8. Mai biyar yana da 15, ya ba da 7 ke nan. Mai uku yana da 9, guda tak ya bayar. Rabon lissafi 7 da 1 ne, ko da yake a cikin labarin Beremiz ya raba kuɗin huɗu-huɗu saboda zumunci.

Wajibi ne in faɗakar da iyaye abu guda. A ƙarshen littafin marubucin ya sa Beremiz ya koma Kustantiniyya da matarsa, ya kuma karɓi addinin Kirista. Wanda zai ba ɗansa littafin ya san da wannan tun da wuri, ya zauna su karanta tare.

Yanzu sai batun yawo, wanda shi ne ainihin abin da ya ja hankalina. Malba Tahan ya wallafa littattafai kimanin 120, na labarai da na lissafi da na dabarun koyarwa. Da wani ne da sai ya zauna a Rio yana jiran madaba'a ta aiko masa da kuɗinsa. Shi kuwa sai ya shiga hanya. An ƙiyasta ya gabatar da lacca fiye da 2,000 a sassa daban-daban na ƙasar, ban da shirye-shiryen rediyo da rubutu a jaridu. Ku tuna fa Birazil ta ninka Gana sau 35 a faɗin ƙasa. A shekarun 1950 da 1960, lokacin da gwamnatinsu ke da shirin ƙara wa malaman sakandare ilimi, waɗanda da yawansu ba su sami horon koyarwa ba, yana cikin waɗanda ke bin garuruwa suna ba da kwas. Malamai ya fi nema, domin ya san malami guda in ya canza hali, yara dubu sun huta.

Me yake gaya musu? Ya tara shi a littafinsa na dabarun koyar da lissafi na 1961. Babban abin da yake yaƙi da shi shi ne halin malamin da ke cika allo da dogayen tambayoyi masu sarƙaƙiya, waɗanda ba su da alaƙa da rayuwar kowa, don kawai a ce shi gwani ne, yara kuma su ji tsoronsa. A ganinsa irin wannan malami shi ne babban maƙiyin lissafi. Ya nemi a shigo da wasanni da wasa ƙwaƙwalwa da tarihin lissafi cikin aji, a kuma keɓe ɗaki mai kayan awo da siffofi da yaro zai taɓa da hannunsa. An san shi da ƙin ba ɗalibi sifiri, yakan kuma haɗa mai ƙoƙari da mai rauni su yi aiki tare. A wannan na ƙarshe ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Batun sifiri kuwa da sauran magana, domin mai aji na yara 60 da jarrabawar BECE a gabansa ba shi da sararin da malamin babbar makaranta a Rio yake da shi.

Ban da lissafi, ya ba da shekaru masu yawa wajen kare mutuncin kutare, har mujalla ya riƙa fitarwa dominsu mai suna Damião. Ya rasu ranar 18 ga watan Yuni, 1974, yana da shekara 79, a masaukinsa a birnin Recife, kusan kilomita 1,900 daga gida, inda ya je ba malamai kwas. A 2013 aka yi doka a Birazil wadda ta mai da ranar haihuwarsa, 6 ga Mayu, ranar lissafi ta ƙasa.

Wani zai ce ai wannan yawo talla ce kawai, littattafansa yake son sayarwa. To sai me? Littafi ba shi da ƙafa. A wurinmu ana ganin kamar zubar da girma ne malami ya ɗauki abin da ya rubuta ya bi makarantu da shi, shi ya sa 'yan takardun da wasu abokan aikinmu suka wahala suka buga ke shan ƙura a ƙarƙashin gado. Mai goro ba ya jin kunyar kiran ciniki, ban ga dalilin da mai ilimi zai ji ba.

Kuma mu ne muka fi kowa bukatar irin wannan talla. Yaron zango da ke taya uwarsa ciniki zai gaya maka kuɗin ƙwarya uku da rabi ta goro, ya cire bashin jiya, ya ba da canji, duk da ka, kafin kai mai biro ka gama rubuta sidi. Washegari a aji an rubuta masa abu guda ɗin nan da haruffa, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ba ya gane lissafi. Ga harshen Turanci da ya tare masa hanya, ga tsoron da aka dasa masa. Alhali kuwa duk wanda bai ci lissafi da kyau a jarrabawar WASSCE ba, ƙofar jami'a ta rufe masa, kome kyan sauran sakamakonsa. Nawa ne daga cikin 'ya'yanmu suka tsaya a wannan ƙofa?

Daɗin daɗawa, mu ba sai mun ƙagi Balarabe ba. Muna da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina hatimi, wato gidajen lambobi da kowane layi ke ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Hatimi mai gida tara, wanda kowane layinsa ke tashi 15, yara da yawa sun taɓa ganinsa a allon malam, amma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa lissafi ne. Ina kira ga 'yan'uwana malamai, da shugabannin ƙungiyoyin matasa na unguwanninmu, a samu ko da Asabar guda a wata, a tara yara da iyaye a harabar makaranta, a yi musu irin wannan hira da Hausa. Ba ya bukatar kuɗi sai alli da benci.

Ga abin da za a fara da shi, tsohuwar tambaya ce wadda ita ma irinta na cikin littafin Malba Tahan. Fatake uku ne ke da jarkoki 21 na manja masu girma ɗaya: 7 cike, 7 rabi-rabi, 7 babu komai. Yaya za a raba musu, kowa ya samu jarka 7 da mai daidai da na ɗan'uwansa, ba tare da an buɗe ko guda ba? Hanya biyu ce ke akwai. Duk wanda ya samo, yaro ko babba, ya aiko ta hannun edita, za mu duba tare a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.