Rumfar mota mai rimot: buƙata ce ko kwalliya?

Duk mai kallon bidiyon masu kwana a mota a YouTube ko TikTok ya saba ganin wannan: an faka Volkswagen California a bakin tafki a Jamus, mai ita ya danna rimot, sai rumfa ta miƙo daga jikin motar da kanta. Abin yana burgewa, amma a ganina wadda ake murɗawa da hannu ta fi.

Kamfanoni irin su Fiamma na Italiya da Thule na Suwidin suna yin kala biyun. Mai rimot ɗin tana aiki da ƙaramin inji mai 12V, wanda ke shan wuta daga batirin da firij, fitilu da cajin waya suka dogara da shi. Ga ƙarin kuɗi, ga ƙarin abin da zai lalace. Ranar da injin ya tsaya a daji, sandar murɗawar da ka raina ita za ka nema.

Kuma babbar abokiyar gabar rumfa ita ce iska. Guguwa ɗaya za ta iya ɗaga ta, ta lanƙwasa hannayenta, har ta lotsa jikin motar. Maganin hakan a hannunka yake: ka kafe ƙafafunta da turaku, ka ɗaure ta da igiya, ka sassauto da ƙafa ɗaya don ruwan sama ya gangare, sannan ka naɗe ta kafin ka kwanta.

Kuɗin rimot gara a zuba su a faifan sola. Inuwa dai iri ɗaya ce, amma waya sai da caji.