Mai Zoɓo Da Ɗan Kasuwa, Ku Dubi Tukunyar Masu Giya

Jama'a, kada wani ya ga sunan giya a kan wannan rubutu ya zaci talla muka zo yi mata. Haramun ce a addininmu, ba ma sha, ba ma sayarwa. Amma akwai wani abu da masu dafa ta a gida a Amurka suka riƙe, mu kuma muka yi sakaci da shi, wato kula da irin ƙarfen da ke taɓa abin da zai shiga cikin mutum.

A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutanen ƙasar damar dafa giya a gidajensu. Tun daga nan da yawansu suka koma maƙeran kansu. Mutum zai samu tsohon tankin giya mai cin lita 58, ya yanke samansa, ya huda gindi ya sa famfo, ya kai wa mai walda da iskar argon, sannan a goge wurin haɗin har ya yi santsi. Dalilinsu shi ne ruwan tsiron da suke tafasawa yana da ɗan tsami, tsami kuwa yana cin ƙarfe, kuma duk tsagar da aka bari maɓoyar ƙwayoyin cuta ce. Shi ya sa suka fi amincewa da silba, wanda ƴan Nijar ke kira inoks.

Wannan ƙarfe Harry Brearley ya gano shi a Shefil ta Ingila a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyom ne, wanda ke yi masa wata rigar da ido ba ya gani, ta hana tsatsa. Wanda aka fi yin kayan abinci da shi shi ne mai lamba 304, kashi 18 cikin ɗari kuromiyom, kashi 8 nikel.

To mu dawo gida. Zoɓo da tsamiya sun fi ruwan tsiron nan tsami nesa ba kusa ba. Amma ku zagaya kasuwannin Jibiya, Ɗan Isa, Ƙonni da Illela ku ga inda ake dafa su da inda suke kwana: bokitin kwano mai rufin tutiya, durom ɗin da ba a san abin da ya ɗauko a farko ba, da tukwanen da aka zuba daga narkakken tsohon inji. Ba mu raina sana'ar masu zubin tukwane irin na Katako a Yamai ba, sun rufa wa talaka asiri. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna suna sakin dalma idan aka tafasa ruwa mai tsami a cikinsu. Wanda ya tuna yadda gubar dalma ta wuraren haƙar zinari ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne. Kaɗan-kaɗan take taruwa a jiki, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi cutarwa.

Za a ce silba na da tsada. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado, kuma tukunya ɗaya mai kyau uwa za ta bar wa ƴarta. Masu kunu da zoɓo na iya yin adashi a kanta.

Ku kuma ƴan kasuwa, amanar a hannunku take. Akwai mai lamba 201, wanda aka rage masa nikel, yana ƙyalli kamar na gaske amma ya fi saurin tsatsa a gishiri da tsami. Maganaɗisu ba ya raba gardama, domin duka biyun ba sa kama shi sosai. Ku nemi lambar wurin dila, ku faɗa wa mai saye gaskiyar abin da kuka ba shi, kowanne da kuɗinsa. Matasanmu masu walda su ma su koyi aikin argon, akwai abinci a ciki.

Idan mai giya zai yi wannan ɗawainiya don abin da muke ƙyama, mu da ke shayar da ƴan makaranta da masu buɗa baki mun fi cancanta da ita. Allah ya sa mu gyara.